Nauyin Sitiyarin Baba

Ba ta taɓa sa ƙafa a shagon gem, inda ake wasan tuƙi a talabijin, ba sai ranar, kuma da ta san irin hayaniyar da ke ciki da tun daga bakin ƙofa ta juya. Samari ne maƙil, kowa ya kafe talabijin da ido, kukan injin mota na tashi ta ko'ina alhali ko keke babu a ɗakin. Ta gyara mayafinta ta yi sallama, ba wanda ya ji.

Mai shagon, wanda duk layin ke kira Mai Gem, yana durƙushe a ƙarƙashin wata kujera yana ɗaure noti. Takalmanta ya fara gani, ya ɗago da sauri har ƙeyarsa ta daki ƙarfe. Ya miƙe yana shafa wurin yana yaƙe, wai shi a dole bai ji zafi ba.

"Sannu da zuwa. Ƙaninki kike nema? Faɗi kamanninsa in zaƙulo miki shi, kullum sai an zo kamun wani."

"Ba ni da ƙani, ni ce auta," ta ce. "Sitiyari na zo aro."

Ta nuna kujerar da ya fito daga ƙarƙashinta. Kujerar mota ce ta gaske aka ɗaure a kan ƙarafa, ga sitiyari a gaba, ga birki da totur a ƙasa, ga talabijin yana nuna titi.

A tsaye ta yi masa bayani, a gurguje. Babanta direban manyan motoci ne tun tana ciki. Ɓarin jikinsa ya shanye, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun hagu ne ya ƙi. Likitar gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ya dinga matsawa, ya yi wurgi da ita ta kan katanga ya ce shi ba yaro ba ne. Likitar ta ce to a nemo abin da yake so da zai sa ya motsa hannun. Shi kuwa duk duniya ba abin da yake so irin sitiyari.

"Yanzu ma barci na bar shi yana yi," ta ce tana duba waya. "Idan ya farka bai gan ni ba, gidan ba zai zaunu ba."

"Akwai wani a ajiye a bayan shago. Gobe zan kawo."

"Za ka kawo ina? Ai ban faɗi gidan ba."

Sai a lokacin ya gane tun ɗazu gyaɗa kai kawai yake yi yana kallon bakinta. Samarin da ba su ji sallama ba duk sun ji wannan, suka kwashe da dariya. Ta kwatanta masa gidan tana ɓoye murmushi, ta fita da sauri.

Gidan nasu ba ƙarami ba ne, amma rayuwar Auta ta ƙare a tsakanin ɗakin Baba, kicin, da kantin magani na ƙarshen layi. Mamarsu ta rasu, yayyenta mata suna gidajen mazajensu, Yaya babba yana can nesa wurin aiki, gudummawarsa ita ce ya bugo waya ya ce a yi haƙuri. Ita ke dafawa, ita ke ba da magani, ita ke ɓalla wa Baba maɓallan riga, ita ke shan faɗa in shayi ya huce. Makarantar da ta fara ta ajiye da sunan na ɗan lokaci ne, ɗan lokacin ya yi ta miƙewa har ƙawayenta suka daina tambaya. Tana son babanta, wannan ba a magana. Amma akwai yammacin da za ta tsaya a tagar kicin, ta riƙe ƙarafan tagar tana kallon masu wucewa, ta ji kamar ta fasa ihu.

Da Mai Gem ya gama haɗa kayan a falo, Baba ya zagaya su yana taɓe baki.

"Wannan abin wasan yaran za ku ɗora ni a kai?"

"Gwada kawai, Baba. In bai yi ba in kwashe."

Ya zauna yana ƙorafi. Motar talabijin ta tashi, ya taka totur, ya shiga kwanar farko, sai ya ji sitiyarin ya ja hannunsa. Akwai ɗan inji a cikinsa da ke tura hannun mai tuƙi yadda motar gaske ke yi. Baba ya gyara zama. Auta ta ga fuskarsa ta canja, ta juya ta shiga kicin don kada a ga idonta.

Sai dai hannun hagun ya kasa. Da an zo kwana sai ya zame, motar ta je ta rungumi bango.

"Bari in rage kasta," in ji Mai Gem.

"A nan ma akwai kasta?" Baba ya ɗago gira.

"Mene ne kuma kasta?" Auta ta tambaya, ta dawo da tire a hannu.

Ai kuwa Mai Gem ya samu abin da yake nema, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Kin lura da ƙarfen da ke riƙe da tayar gaban keke? Ba a tsaye cak yake ba, ya ɗan kwanto ta wajen mai tuƙi. To tayoyin gaban mota ma haka suke, kwanciyar nan ita ce kasta. In ta yi yawa, mota na son tafiya miƙe, sitiyari ya yi nauyi, kina fitowa daga kwana ya dawo tsakiya da kansa, kina jin titi a tafin hannunki. In aka rage ta, ya yi sakayau, da yatsa ma sai ki juya shi. Amma da an taka gudu motar za ta dinga yawo, kuma duk abin da kika murɗa sai kin warware da kanki. A motar gaske sai an je gareji. A nan ɗan layin nan kawai ake ja, hagu ragi, dama ƙari."

"Ya faɗa daidai," in ji Baba, "sai dai ya cika surutu. Ya kuma manta in kasta ta ji, tayar waje kwanciya take yi a kwana ta ciji kwalta."

"Me zai hana a rage ƙarfin injin sitiyarin kawai?" ta ce.

"Sai komai ya mutu tare. Ba zai ji rami ba, ba zai ji santsi ba, Baba zai ce mun raina shi. Gara mu sauke kasta kaɗan, hannu na ƙarfi muna ƙarawa, har mu kai inda motar gaske take."

Haka aka yi, da yardar likita. Baba ya ajiye hannun dama a cinya, ya dinga tuƙi da na hagu shi kaɗai. Mai Gem kuma ya zama ɗan gida, yana zuwa ƙara kasta, yana zuwa duba waya da ba ta lalace ba, yana zuwa neman sukudireban da ya manta da gangan.

Saƙonsa na farko da rana ya shigo, tana wanke-wanke.

"Autar Baba, ya hannun? Ki ce masa ya saki totur kafin kwanar gada, ba bayan ya shiga ba. Ke kuma ya gajiya? Wannan ita ce tambayar, ta farkon rakiya ta yi."

Ta goge hannu a zane ta rubuta:

"Ya ce in gaya maka tun ba a haife ka ba yake shan kwana. Gajiya kuma da sauƙi, Injiniya. Rabon da a tambaye ni har na manta yadda ake amsawa."

"To ki saba, Autata. Kullum sai na tambaya."

Zancensu duk a bakin ƙofar falo aka yi shi, ita rabin jikinta a ciki kunnenta na wajen Baba, shi a waje yana riƙe da hular kwanon babur. Ba su taɓa zama sun gama hira ba. Ana tsakiyar magana mai daɗi za a ji "Auta, ruwa," ta ce masa "ina zuwa," ta dawo ta tarar maganar ta huce. Bai taɓa nuna ya gaji ba, wannan ya ƙara kashe mata jiki a kansa.

Ranar da ya tattara ƙarfin halinsa ya durƙusa gaban Baba ya ce yana neman izini ya turo manyansa, Baba bai ko ɗauke ido daga talabijin ba.

"A matsayin makanikena ba ni da kamarka. Amma suruki? Mutumin da sana'arsa tara samari suna tuƙa motar da ba ta zuwa ko'ina? Kuma gidanku can ƙarshen gari. In ka ɗauke ta, wa ka bar mini?"

"Baba, za mu dinga zuwa."

"Zuwa daban, zama daban. Ba kai ba, ba kowa ba, sai na warke. Ranar da na zagaye titin nan da hannun nan ban taɓa bango ba, a zo a yi magana. Kafin nan ka rage sintiri, ta iya kunna abin da kanta."

Auta na bayan labule, ta ji komai. Ta san inda aka tsaya: tun da aka ƙara kasta ta ƙarshe, Baba kullum a kwanar gada yake ƙarewa. Hannun ya kai wani wuri ya tsaya, likita ma ta ce daga nan sai a hankali, wataƙila kuma iyakarsa ke nan.

Ba ta yi niyya ba, ko kuma ta yi, ita kanta ba ta tantance ba. Wata safiya tana kunna na'urar, Baba na banɗaki, ta buɗe wurin saiti kamar yadda ta sha ganin Mai Gem na yi. Ga ɗan layin nan. Ta tuna fuskar Baba in ya daki bango, yadda yake kallon hannunsa kamar na aro. Ta tuna kanta a tagar kicin. Tausayinsa ne ya fi yawa ko tausayin kanta, Allah kaɗai ya sani. Ta ja layin hagu har ya ƙure.

Ranar Baba ya wuce kwanar gada sumul. Ya wuce ta gaba. A hankali yake tafiya, don haka yawon da motar ke yi bai kayar da shi ba. Ya zagayo ya tsaya, ya ɗaga hannun hagu yana kallo.

"Auta, kin gani?"

"Na gani, Baba."

Ya yi dariyar da rabonta da ji tun Mama na da rai. Daɗi ya kama ta, tsoro ya kama ta, ta rasa wanda za ta bi. Ta ɗauki waya za ta gaya wa Injiniyanta, ta fasa ta ajiye. Ta ce gobe za ta mayar da layin inda yake. Goben ta zo Baba na ta fara'a, ta kasa.

Abin da ba ta kawo a ranta ba shi ne tsohuwar motar Baba da ke lulluɓe a tsakar gida, mai sitiyarin da ba shi da fawa, wanda ko mai lafiya sai ya sa ƙarfi. Ta tafi kantin magani ne ta dawo ta hango mutane a ƙofar gidansu. Baba ya fito da motar, ya zo karya kwana ya hau layi, hannun ya ƙi, ta tafi kai tsaye ta daki katangar da ke kallon gidan. Allah ya taƙaita ba yaro a wurin. Goshinsa ya fashe, jini ya ɓata masa gaban riga, yana zaune a ciki ya ƙi fitowa don kunya.

Maƙwabcinsu ne ya fito da shi. Wannan mutumin a hannun Baba ya koyi tuƙi, yanzu yana da motocin haya nasa, ana kiransa Mai Bas. Ya daɗe yana aiko gaisuwa ta musamman wa Auta, ita kuma tana amsawa da ta kowa da kowa. Bayan an ɗinke goshin an dawo, ya zauna a kujerar gem ɗin don ya ga abin da ya ruɗi maigidansa. Ya sa yatsa ɗaya ya juya sitiyarin.

"Baba, wannan ai ko jariri ya murza shi. Da wannan aka ce maka ka warke?"

Aka kira Mai Gem. Ya zo a rikice, ya gaida Baba, Baba ya nuna masa kujerar da haɓa. Ya buɗe saiti ya ga inda layin yake. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗan waiga bakin ƙofa, inda Auta ke tsaye ta riƙe labule.

"Saitin nan a wuyana yake, Baba," ya ce. "Ka yafe mini."

"Wato ka sassauta mini don in ce na warke ka kwashi yarinya. Da na taka ɗan mutane fa? Fita. Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan."

Auta ta sunkuyar da kai. Mai Gem ya wuce ta gabanta bai kalle ta ba. Kujerar aka tura lungu aka rufe da tsohon zanen gado.

Da yamma ta rubuta masa, hawaye na ɗiga a kan wayar:

"Ka san ni ce. Me ya sa ka ɗauka?"

Amsar ta jima kafin ta zo.

"Na sani tun da na ga layin. Da kin ce mini kin gaji, Autata, da mun nemi hanya tare. Wannan ya fi mini ciwo a kan korar. Amma kada ki faɗa masa. Ke kaɗai gare shi a gidan nan, in ya yi fushi da ke daga hannun wa zai karɓi magani?"

"To ni da kai fa?"

"Ban sani ba tukuna. Ki kula da shi."

Ta karanta "ban sani ba" ɗin nan har ta haddace, ta fassara shi da cewa ya haƙura da ita. Shi kuma da ya ga ta yi shiru, ya ɗauka ta zaɓi zaman lafiyar gidansu. Kowa ya zauna da wayarsa a hannu yana jiran ɗan'uwansa ya fara, irin wautar da masoya ba sa gajiya da yi.

Gidan ya ƙara ƙuntata. Baba ya daina motsa hannun, ya daina faɗa ma, wanda ya fi faɗan muni. Mai Bas kuwa ya samu ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, shi ya gyara katangar mutane, shi ya ja motar zuwa gareji. Ya zo da maganarsa ta aure a fili, da shawarar da yake ganin ba wanda ya taɓa kawo mai kyanta.

"Kin ga katangarmu ɗaya da ku. In Allah ya yi, sai a fasa ƙofa a tsakani. Kin ga ba abin da zai canja, da ya kira kin ji, ko kina kicin ɗina."

Ba abin da zai canja. Ya faɗa yana murmushi, yana jiran godiya.

Baba bai tilasta mata ba. Ya dai ce, "Ki duba, yaron kirki ne, kuma ga shi kusa." Yaya ya bugo waya ya ce wannan ai sauƙi ne Allah ya kawo. Yayyenta mata suka ce su dai in ta amince sun huta da tunani. Kowa ya huta, ita kaɗai ce ba a tambayi inda za ta huta ba. In ta yi shiru, ta rasa wanda take so kuma ta bar shi da laifin da bai yi ba. In ta yi magana, ta karya zuciyar tsohon da ba shi da kowa sai ita. Ta rame har zoben hannunta ya fara zamewa.

Wata safiya tana durƙushe tana ɓalla wa Baba maɓallan riga, sai ta ji ana ƙwanƙwasa katanga daga gidan maƙwabci. Mai Bas ne, don zumuɗi, ya kawo magini ya duba inda ƙofar za ta zauna, tun ba a ce masa e ba. Ƙwas, ƙwas, ana neman wurin da ba ƙarfe. Hannunta ya tsaya a kan maɓalli.

"Baba, ba shi ba ne. Ni ce na ja layin."

Ya sauke ido ya dube ta.

"Na ga kana wahala, na ji tausayinka. Kuma na gaji, Baba. Ba da kai na gaji ba, wallahi, amma na gaji. Na so ka ce ka warke. Shi bai san komai ba sai ranar da ka kore shi."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, tana jiran tsawa. Ƙwanƙwasar katanga kawai ake ji.

"Na ji a hannuna ai," Baba ya ce can. "Tun kwanar farko na ji. Sitiyarin da ba ya dawowa da kansa, mota na lilo a miƙaƙƙen titi, wanda ya ci abinci da tuƙi zai kasa ganewa? Na ce wa kaina ƙarfina ne ya dawo, don abin da nake so in ji ke nan. Kuma ranar na ga inda yaron ya kalla. Na kore shi ne don shi kaɗai zan iya kora."

Ta ɗago ido jajur.

"Cire hannunki," ya ce.

Ya kai hannun hagu ga rigar. Yatsun na karkarwa, maɓallin ya kuɓuce, ya sake kamawa, ya tura shi ya shiga. Ya yi na biye da shi. Ya ɗauki lokaci, amma har wuya ya ɓalla su.

"Na daɗe da iyawa," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba. "So nake in warke a kan titi, ba na so in warke a cikin gida. Tun da uwarki ta tafi nake tsoron shirun gidan nan. Na riƙe ki da rigata, ina ji ina gani kina bushewa. Tashi ki ce wa mutumin can ya bar mini katanga, sannan ki kira mini makanikena."

Da ƙyar ta iya rubutawa:

"Injiniya, na faɗa masa. Ya ce ka zo. Ni ma na ce ka zo, in har ba ka haƙura da ni ba."

"Haƙura? Ina kan babur, Autata. Ki ce ya ba ni lokacin da zan nemo ɗaya takalmin."

Ya iso yana haki. Baba ya sa shi ya yaye zanen, ya jawo kujerar tsakiyar falo.

"Mayar da kasta inda motar gaske take. Kada ka rage mini ko kaɗan."

"Baba, za ta yi nauyi."

"Na ce ka mayar."

Ya ja layin dama. Baba ya ɗora hannun hagu, ya tashi motar. A miƙaƙƙen titi ta tafi ɗoɗar, ya gyaɗa kai. Kwanar farko ya sha ta da ƙyar, sitiyarin ya zame cikin tafinsa ya koma tsakiya, ya ce, "Yawwa, ga mota." A kwanar gada gumi ya karyo masa, hannun ya yi rawa ya saki, motar ta daki bango. Ya zauna yana kallon talabijin.

"To, nan nake," ya ce. "Wataƙila in wuce nan wata rana, wataƙila ba zan wuce ba. Ba zan sa yarinya ta tsufa tana jiran kwanar gada ba." Ya juyo ga Mai Gem. "Kai kuma, ka ɗauki laifin da ba naka ba ka tsaya ina zaginka. Wauta ce, amma irin wautar da nake so a gidan 'yata. Ka yafe mini. Ka turo manyanka."

Mai Gem ya durƙusa zai yi godiya, murya ta ƙi fita. Baba ya ce yau dai an ga ranar da surutu ya ƙare.

Mai Bas ya ji zafi, ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, daga baya shi ya ba da motocin da suka kwashi 'yan biki. Baba kuma ya aika wa ƙanwarsa, Gwaggo, wadda mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai, ya ce ta tattaro ta dawo gidan. Ta iso da akwatunanta da bakinta, tun daga ƙofa ta fara yi masa faɗan ya rame, shi kuma ya fara nadama da babbar murya. Gidan ya cika da hayaniyarsu.

Aka ɗaura aure cikin rufin asiri da farin ciki. Da za a tafi da amarya ta shiga sallama da Baba, ta durƙusa ta fara lissafa wa Gwaggo wane magani ne kafin abinci, wanne ne bayan abinci, ta ce gobe da sassafe za ta leƙo.

"In kika zo gobe ba zan buɗe ƙofa ba," in ji Baba. "Jibi ma haka. Na gaya wa mijinki."

"Baba..."

"Tashi ki tafi, kina ɓata kwalliya."

Washegari ta farka tun gari bai gama wayewa ba, ta diro daga gado da sauri tana laluben takalmi, sai ta ga ɗakin ba nasu ba ne. Ta koma ta zauna a bakin gado ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta. Angon ya buɗe ido ya gan ta, ya gane, ya riƙo hannun nata.

Wayarta ta yi ƙara. Lambar Baba ce, mutumin da ko kira sai an danna masa. Rubutun ba waƙafi ba aya, da gani an sha fama kafin a gama shi.

"auta na yi wanka na sha magani gwaggonki ta ƙona shayi da hagu na rubuta ki koma barci Allah ya yi muku albarka"